Abdul'aziz Jasim da Dandamalin da Ya Raine Shi a Doha

Ranar 14 ga Oktoban 2018 Allah ya yi wa ɗan wasan kwaikwayon Katar Abdul'aziz Jasim rasuwa a Bangkok, inda ya je jinya, yana da shekara 61. Bahaushen da ya san Doha ta hanyar tashar Aljazira, ko jiragen Qatar Airways, ko gasar cin kofin duniya ta 2022, da wuya ya taɓa jin sunan. A ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha kuwa, fuskarsa na cikin waɗanda iyalai suka saba gani bayan buɗa-baki a watan azumi, shekara da shekaru. Ya shafe kimanin shekara arba'in yana wasan kwaikwayo, a kan daɓe da kuma a talabijin. Rayuwarsa ta sana'a ta zo daidai da lokacin da Doha ta tashi daga ƙaramin gari na bakin teku ta zama birnin da duniya ke tururuwa zuwa cikinsa, don haka mai bin tarihinsa yana bin tarihin garin ne. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, ƙananan ƙungiyoyin sa-kai na shekarun 1970, da 'yan kallon da ke jin harshensa har cikin ɓargo, su ne suka yi Abdul'aziz Jasim. Dukiyar da ta zo daga baya ta gina zaurukan da suka fi na wancan zamani komai, amma ba ta maye gurbin waɗannan abubuwa biyu ba.

An haife shi a 1957, a garin da bai gama farfaɗowa daga talauci ba. Kakannin tsaransa da lu'ulu'u suka dogara: maza su shiga jiragen ruwa na katako su yi watanni a teku lokacin bazara suna nutso, su dawo da bashin mai jirgi a wuyansu. A shekarun 1930 lu'ulu'un da Japanawa suka koyi renonsa ya karya kasuwar, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya, har iyalai da yawa suka yi ƙaura. An gano man fetur a Dukhan gab da 1940, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, sai a ƙarshen 1949 jirgi na farko ya ɗauki ɗanyen mai ya fita da shi. Makarantun zamani a shekarun 1950 suka fara, kuma yawancin malamansu daga Masar da Falasɗinu da sauran ƙasashen Larabawa aka ɗauko su. Waɗannan malamai sun zo da al'adar shirya ɗan wasan kwaikwayo a bikin ƙarshen shekara, daga nan ta bazu zuwa 'yan sikawut da kulob-kulob na samari. Mai karatu zai tuna cewa haka abin ya faro a ƙasar Hausa, inda Malam Aminu Kano da Abubakar Tunau suka rubuta wasanninsu na farko a cikin da'irar makaranta. Gidan rediyon Katar ya buɗe a 1968, talabijin a 1970, ƙasar ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1971, lokacin duk jama'arta, 'yan ƙasa da baƙi, ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba.

A cikin wannan ƙaramar al'umma ƙungiyoyi huɗu suka kafu a ƙasa da shekara goma. Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Katar ita ce ta fari, a 1972. Ta Al-Sadd, mai ɗauke da sunan unguwar da wani kulob ɗin ƙwallo ma ya ɗauka, ta biyo baya a 1973, sannan Al-Adwa, sannan wadda ake kira ta gargajiya a ƙarshen shekarun. A 1975 Abdurrahman al-Manna'i ya fito da Ummu Zain, wasan da ya koma zamanin nutson lu'ulu'u ya duba tazarar da ke tsakanin masu dukiya da talakawan da ke shiga teku, kuma har yau ana lissafa shi cikin tubalan farko na wasan daɓe a ƙasar. Abdul'aziz ya fara wasa da ƙungiyar Al-Sadd a 1977, yana ɗan shekara ashirin. Ya kamata a tsaya a dubi abin da irin wannan ƙungiya ke yi wa matashi. 'Yan cikinta ma'aikata ne da ɗalibai da ke haɗuwa da yamma bayan an tashi aiki. Sabon shiga yakan fara da ɗaukar kaya da ƙaramar fitowa, yana kallon na gaba da shi suna gwaji dare bayan dare. Idan ranar wasa ta zo, waɗanda ke zaune a gabansa maƙwabtansa ne da abokan karatunsa da dattawan unguwarsu. In ya kwaikwayi maganar tsohon matuƙin jirgin ruwa bai daidaita ba, a cikin zauren akwai wanda mahaifinsa matuƙi ne. In ya yi barkwancin da bai kama ba, shirun da zai biyo baya ya ishe shi darasi. Babu makarantar da ke koyar da sanin lokacin da za a saki magana da lokacin da za a riƙe ta kamar wannan, kuma da wannan gwanintar aka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

Sunansa ya fara fita sosai ne tare da Ganim al-Sulaiɗi, sa'ansa, marubuci kuma ɗan wasa mai kaifin harshe. Sun fito tare a Fayiz al-Tosh, wasan barkwanci na talabijin da ya faro a shekarun 1980, wanda ke caccakar jan ƙafar ofisoshi da halayen da sabon arziki ya haifar a cikin jama'a. Sun kuma yi wasannin daɓe da suka ƙetare iyaka, irin su Antar wa Abla da Amjad ya Arab, wanda ya ɗauki rarrabuwar kan ƙasashen Larabawa ya shimfiɗa ta a gaban 'yan kallo suna dariya suna jin zafi. Kaset ɗin bidiyo ya kai waɗannan wasanni gidaje a faɗin yankin. Da harshen gida aka yi su, Larabcin bakin teku na mutanen Katar, da karin maganarsa da habaicinsa, wanda ya sha bamban da Larabcin littafi da ake karanta labarai da shi. A garin da ake rushe tsofaffin unguwanni ana shimfiɗa tituna, baƙi kuma suna ƙaruwa kowace shekara, dandamali ya zama ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da ɗan ƙasa zai zauna cikin taro ya ji ana magana irin ta gidansu a kan abin da ke damunsa.

Mai ja da wannan bayani zai fara da cewa an rage wa gwamnati hakkinta. Ai hukuma ce ta ba ƙungiyoyin lasisi da tallafi, ita ta tura matasa karatun wasan kwaikwayo a Kuwait da Alƙahira, ita ta gina Babban Zauren Wasanni na Ƙasa a bakin teku a shekarun 1980, mai kujeru kusan 500. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba don kuɗin mai ba da yawancin wasannin ba su ga haske ba. Sai dai a lura da abin da ya riga wani. Ƙungiyoyin sun girmi zauren da shekaru; an gina shi ne domin akwai masu wasa da masu kallo da ke jiran sa. Kuma hannun da ya bayar shi ne ya iya taƙaitawa. A 1994 aka haɗe ƙungiyoyin nan huɗu suka koma biyu, ta Katar da ta Doha. Ta fuskar mai tsara kasafi wannan gyara ne, domin ƙasa ƙarama ba ta buƙatar ofisoshi huɗu masu aiki iri ɗaya. Ta fuskar sana'a kuwa an rufe ƙofofi biyu daga cikin huɗun da matashi zai iya ƙwanƙwasawa, an kuma rage gasar da ke sa kowace ƙungiya ta yi ƙoƙarin fin 'yar'uwarta. Ga kuma tace rubutu kafin a hau daɓe, wanda ya sa sukar takan tsaya a kan ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa da halin Larabawa a dunƙule, ba ta hawa sama da nan. Wannan iyaka ce ta gaske, bai kamata a ɓoye ta ba. Amma a cikinta an faɗi abubuwan da jaridun lokacin ba su faɗa ba, kuma jama'a sun san haka, shi ya sa suke cika zaure.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Za a ce talabijin ce ta ɗaukaka Abdul'aziz Jasim, domin wanda ya san shi a Riyad ko Maskat a allo ya san shi. Haka ne. A farkon shekarun 2000 ya fito a jerin wasanni masu dogon zango da marubuciya 'yar Katar Widad al-Kuwari ta rubuta, irin su Hukmul Bashar da Yaumun Akhar da Indama Tugannil Zuhur, kuma ya yi aiki da manyan 'yan wasan Kuwait kamar Hayat al-Fahad da Su'ad Abdullah. A nan mutanen da suka ɗauke shi ɗan barkwanci suka ga wani mutum daban: uba mai taurin zuciya, azzalumin mai gida, wanda ake tsana a allo ana kuma kasa ɗauke ido daga kansa. Amma lokacin da wannan ɗaukaka ta zo ya riga ya haura shekara arba'in, da fiye da shekara ashirin na tsayuwa gaban 'yan kallo a bayansa. Talabijin ta girbi abin da ba ita ta shuka ba. Kuwait ɗin ma da ta zama cibiyar wannan kasuwa, ta kai matsayin ne saboda ƙungiyoyin daɓe da ta kafa tun farkon shekarun 1960, waɗanda suka fitar da irin su Abdulhusaini Abdurrida. Mu ma mun ga haka. Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, wanda ya rasu a 2023, sun zo wa kyamara da horon da suka samu tun kafin zamanin bidiyo, kuma Turmin Danya, fim ɗin 1990 da ake ɗauka mafarin finafinan bidiyo na Kano, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi. Aikin talabijin na azumi, inda ake ɗaukar kashi talatin cikin gaggawa don a cim ma wata, yana buƙatar ƙwararre da ya riga ya nuna. Ba shi da lokacin renon ɗanye, kuma da ya janye ƙwararrun daga daɓe zuwa wuraren ɗaukar hoto a Kuwait da Dubai, sai matasan ƙungiyoyi suka rasa waɗanda za su kalla su koya.

Akwai kuma masu cewa Doha ta yau ta fi ta jiya ba da dama, kuma duk wannan begen tsohon zamani ne kawai. Suna da abin nunawa. An buɗe unguwar al'adu ta Katara a 2010, da zauren opera da katafaren filin wasa na bakin teku. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Fina-finai ta Doha, wadda ta tallafa wa ɗaruruwan fina-finai daga ƙasashen Larabawa da Afirka da Asiya, kuma matasan Katar, mata da maza, sun koyi ɗaukar hoto da ba da umarni a ƙarƙashinta. A shekarar ce kuma Khalifa al-Muraikhi ya fito da Aƙaribus Sa'a, wanda ake lissafawa a matsayin cikakken fim na farko na ƙasar. Wannan ci gaba ne da ba a raina shi. Sai dai mai ba da umarni da ɗan wasa ba hanya ɗaya suke girma ba. Na farko zai iya yin gajeren fim ya kai shi bikin baje koli a Turai, alƙalai su yaba masa ta hanyar fassarar da ke ƙasan allo. Na biyu, musamman mai barkwanci, sai da mutanen da za su gane habaici tun kafin ya rufe baki. Yau mazauna Katar sun kai kimanin miliyan uku, 'yan ƙasa kuwa ba su wuce kimanin ɗaya cikin goma ba, kuma harshen kasuwa da na jami'o'in da aka kawo daga waje Ingilishi ne. Zaurukan sun yi yawa, amma yawancin abin da ke hawa kansu daga waje ake gayyato shi, don 'yan kallon da su ma daga waje suka zo.

Shekarar 2017 ta gwada wannan magana. A watan Yuni Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Baharain da Masar suka yanke hulɗa da Katar suka rufe mata iyakoki, rikicin da bai ƙare ba sai a Janairun 2021. Kasuwar wasannin yankin, wadda ta dogara da cuɗanyar 'yan wasa daga ƙasashen Larabawa shida na Tekun Fasha, ta tsage, kuma Abdul'aziz ya rasu ana tsakiyar wannan hali. Da mutanen Doha suka buƙaci wanda zai mayar da damuwarsu dariya da harshensu, ba daga sababbin cibiyoyin ya fito ba. Ganim al-Sulaiɗi ne, yana da shekara sittin, ya shirya jerin gajerun wasannin Shilli Yisir a kan takunkumin, da irin salon da shi da abokinsa suka koya a ƙungiyoyin shekarun 1970.