Shekara 11 a Tamanrasat: Charles de Foucauld da matsayin addu'a wurin Katolika

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin yaƙin Kawusan ya san watan Disamba na shekarar 1916. A cikinsa ne mayaƙan Abzinawa, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya, ba su janye ba sai farkon Maris na 1917, da dakaru suka iso daga Damagaram. Abin da ba safai ake ambata a aji ba shi ne, ran 1 ga wannan wata, can arewa a Tamanrasat cikin duwatsun Ahaggar, wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya sun kama wani Bafaranshe a ƙofar gidansa suka ɗaure shi. Yaron da aka bar wa tsaronsa, ɗan kimanin shekara 15, ya hango sojan raƙumi biyu tafe, ya firgita, ya harbe shi. Sunan mutumin Charles de Foucauld, limami ne na Katolika. Ya yi shekara 11 a wurin, bai gina makaranta ba, bai tara jama'a ba, ko almajiri ɗaya bai bari ba. Rayuwarsa ta ƙare ne tsakanin addu'a da rubutu. Duk da haka, ran 15 ga Mayu 2022 Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyan Cocin Katolika, abin da ke nuna irin nauyin da wannan Coci yake ba addu'a ko da ba a ga ribarta a fili ba.

An haife shi a Strasbourg a 1858, ya zama maraya yana ɗan yaro, ya bar addini tun yana saurayi. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, ya ci gadon kakansa da shagali da sharholiya, har ya fito na ƙarshe cikin ɗalibai 87 a makarantar sojan doki ta Saumur. Bayan ya ajiye aikin soja, sai ya ratsa ƙasar Maroko daga 1883 zuwa 1884 cikin shigar malamin Yahudawa, domin a lokacin Nasara ba ya shiga can ya fito lafiya. Tafiyar ta jawo masa lambar zinariya ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris. Amma tsarabar da ta fi zauna masa a zuciya ita ce abin da ya gani wurin Musulmi: fatake da makiyaya da ke tsayar da tafiya in lokacin salla ya yi, su fuskanci gabas, su sa goshi ƙasa, babu mai tilasta musu. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ganin wannan imani ya girgiza shi. Da ya koma Paris ya riƙa shiga coci yana roƙon Allah, in har akwai Shi, Ya sanar da shi kansa. A ƙarshen Oktoba 1886 ya je wurin wani limami mai suna Huvelin don neman bayani kan addini. Limamin ya ce masa ya fara durƙusawa ya furta zunubansa tukuna. Ya durƙusa, daga ranar kuma bai sake komawa rayuwarsa ta da ba.

A 1890 ya shiga cikin ruhubanawan da ake kira Trappistes, a Faransa sannan a Akbès ta ƙasar Sham. A nan ya koyi tsarin addu'ar da Waliyyi Benoît ya shimfiɗa tun ƙarni na 6: a taru sau 7 da yini, sau 1 cikin dare, a sauke Zabura 150 duka a kowane mako, tsakanin lokutan kuma a yi aikin hannu a yi shiru. Bahaushen da ya saba da asuba, azahar, la'asar, magariba da lisha ba zai sha wuyar gane hikimar abin ba. Yini ake yankawa gunduwa-gunduwa don kada mutum ya daɗe bai tuna da Mahaliccinsa ba. Sai dai a wurin Katolika uwar ibada ita ce Mes, inda limami yake keɓe gurasa da ruwan inabi, su kuwa sun yi imani Almasihu yana halarce a cikinsu. Ana ajiye gurasar a coci, mai bi ya zo ya zauna gabanta shiru, ba karatu ba roƙo. Wannan zaman shiru shi ya fi rinjayar Foucauld, musamman a shekaru 3 da ya yi a Nazarat daga 1897, yana yi wa wasu mata ruhubanawa hidima, yana kwana a ɗakin ajiyar kayan lambu.

Ina amfanin irin wannan zama? Tsoffin malaman Coci sun amsa tambayar tun da daɗewa. Augustin, wanda aka haifa a garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Proba wajen shekarar 412 cewa mai addu'a ba labari yake kai wa Allah ba, tun da Ya riga Ya san bukatarsa. Marmarinsa yake faɗaɗawa don ya iya ɗaukar abin da za a ba shi. Shi ya sa koyarwar Katolika ta sa yabo da godiya da tuba tare da roƙo, ba ta kuma auna addu'a da biyan bukata nan take. Ma'auninta shi ne halin mai yin ta, da yadda yake zama da maƙwabci.

A kan wannan ma'auni ya kamata a ɗora Foucauld. An naɗa shi limami a 1901, ya zauna Béni Abbès, inda ya tarar hukumar Faransa ta kau da kai daga bauta don kada ta ɓata da masu bayi. Ya yi ta rubuta wasiƙun ƙorafi ga manyansa, ya fanshi ƴan bayi kaɗan da kuɗin da yake samu. A Agusta 1905 ya sauka Tamanrasat, ƙauyen da bai wuce gidaje kimanin 20 ba, da yardar Tambari Musa ag Amastan. Nan ya gamu da jarrabawar da bai zata ba. Dokar Coci ta wancan zamani ta hana limami yin Mes shi kaɗai ba mataimaki, yaron da ke taya shi kuwa ya tafi. Mutumin da ya zo hamada domin wannan ibada ya wayi gari ba shi da ikon yin ta, har Kirsimatin 1907 ta wuce shi haka. Izini daga Roma bai iso shi ba sai ƙarshen Janairu 1908. A daidai wannan lokaci fari ya tsananta, ya rabar da hatsinsa, ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Abzinawan da su ma yunwa ke ci suka bi rugage suna neman awakin da suka rage da ɗan nono, da shi suka tashe shi. Wanda ya zo da niyyar bayarwa, ga shi Musulmi matalauta sun ciyar da shi, kuma masu nazarin rayuwarsa da yawa suna ganin daga nan ne ya fara zama maƙwabci na gaskiya.

Sauran shekarunsa sun tafi kan harshen Tamahak. Ya tattara waƙoƙin Abzinawa kimanin baiti 6000, ya rubuta ƙamus na Tamahak da Faransanci mai fiye da shafi 2000, wanda aka buga cikin juzu'i 4 a 1951 da 1952, kuma har yau masana harshe suna komawa gare shi. Yakan koka cewa aikin yana cinye masa lokacin addu'a. Amma da wuya a raba su biyun: haƙurin da ya koya na zama shiru shi ne ya zaunar da shi shekara da shekaru gaban tsofaffi yana tambayar sunan kowane kwazazzabo da kowace kalar raƙumi.

Sai dai kada a yi tuya a manta da albasa. Addu'ar ba ta fitar da shi daga zamaninsa ba. Abokin Laperrine ne, hafsan da ya shimfiɗa ikon Faransa a hamada. Yana aika wa sojoji labarin abin da ke gudana a Ahaggar. Ya yarda mulkin mallaka alheri ne in an yi shi da adalci. A ƴar ganuwar da ya gina a 1916 don mutanen ƙauye su fake akwai bindigogin da soja suka ajiye. Waɗanda suka zo kama shi ba su ga wani bambanci tsakaninsa da barikin ba, kuma jikokin waɗanda aka karkashe a Agadas bayan Maris 1917 suna da hujjar kallon sa da wannan ido. Mutum yana iya ganin zaluncin bauta sarai, ya kasa ganin na tutar ƙasarsa.

Ya mutu ba shi da mabiyi. Sai da René Bazin ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1921 aka fara waiwayar sa. A 1933 René Voillaume da abokansa suka kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu a El Abiodh Sidi Cheikh, a 1939 Magdeleine Hutin ta kafa ta mata a Touggourt. Tsarinsu shi ne su zauna cikin talakawa, su ci da guminsu, su keɓe lokacin zaman shiru kowace rana. Shi kuwa ya gama gyaran waƙoƙin Abzinawa ran 28 ga Nuwamba 1916, kwana 3 kafin ajalinsa. A ranar da aka kashe shi ya rubuta wa ƴar'uwarsa Marie de Bondy wasiƙa, inda ya ce mutum ba kullum yake jin ƙaunar Allah a ransa ba, wannan ma wani ciwo ne, amma son a ƙaunace Shi ɗin ƙauna ce. An tarar da wasiƙar cikin waɗanda ke jiran mai ɗaukar saƙo.