Yaƙin Hitila da Ya Bi ta Samaniyarmu

Mu a Rikoto, da ma ƙasar Zuru baki ɗaya, idan aka ambaci Yaƙin Hitila, Bama ce ke fara faɗo mana a rai, domin can aka kai kakanninmu suka gwabza da Japanawa. Shi ya sa muke ɗaukar yaƙin sama da aka yi tsakanin Jamus da Ingila kamar rigimar Turawa ce can wata uwa duniya, har marubutanmu ba su cika waiwayarsa ba. Alhali kuwa ta kanmu ya bi.

Daga Yuli zuwa Oktoban 1940 jiragen Jamus suka yi ta kai wa Ingila farmaki, su kuma Turawan Ingila suna tare su da jiragen Hurricane da Spitfire, har Hitila ya fasa ƙetarawa. Labarin ya riƙa iso wa mutanenmu ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Malam Abubakar Imam yake yi wa edita, mutum ɗaya ya karanta jama'a su kewaye shi. Aka tara kuɗin taimakon yaƙi, har a 1941 rundunar sama ta Ingila ta raɗa wa ayarinta na 91 sunan Nijeriya. An kira kuɗin nan gudummawa, amma mai karatu ya sani, abin da ya biyo ta hannun En'e da dagaci ba kowane talaka ke iya ce masa a'a ba.

Babban abin ma shi ne hanya. Da Italiya ta shiga yaƙin a Yunin 1940, tekun Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena a yanzu) da Khartum har Masar. Ayarin farko ya tashi ranar 20 ga Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Ke nan da yawa daga jiragen da suka kara da na Jamus a hamadar Libiya, sai da suka sha mai a Kano.

Jamusawa sun san da haka. A Janairun 1942 wani jirginsu ƙirar Heinkel, shi kaɗai tilo, ya taso daga kudancin Libiya ya keta Sahara, ya zuba bamabamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙone tulin man da aka tanada. A hanyar komawa mai ya ƙare masa ya sauka cikin rairayi, sai bayan kwanaki aka ceto matuƙansa. Fort Lamy kuwa ita ce zangon da ke bin Maiduguri.