Yadda Jirgi Ya Baro Ruwa Ya Hau Tudu a Funtuwa

Idan manomi a Funtuwa ko Malumfashi ya ce "jirgi", na dogo yake nufi, ko kuwa wanda ke kwasar alhazai zuwa Makka. In ana son ya tuna da na kogi, sai an ce masa "jirgin ruwa". Alhali kuwa a kan ruwa kalmar ta soma rayuwa, kuma hanyar da ta bi ta hau tudu ta ratsa tashar Funtuwa.

Kudancin Katsina ƙasar masara ce da dawa da auduga, amma a kusa da Funtuwa Gulbin Sakkwato ya samo tushe. Daga nan yake gangarawa ta Gusau, ya haɗu da Rima a wajen Sakkwato, ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara. A wajen tushen rafi ne kawai, ana tsallake shi da ƙafa a mashigi. Sai can ƙasa, inda ya yi faɗi da zurfi, a hannun Kabawa da Sarkawa, kalmomin ruwa suka bunƙasa.

A can ne ake sassaƙa jirgi daga gungumen itace guda. Ƙarami shi ne kwale-kwale, ana kuma ce masa komi. Inda ruwa bai da zurfi ana tura shi da doguwar gora ko gwangwala, inda ya yi zurfi kuma sai filafili. Mai wannan aiki shi ne matuƙi. Bakin kogi gaɓa ne, wanda ya isa tsallake lafiya kuwa ya kai gaci. Masunta na da homa ta kama kifi da goran duma da suke kwanciya a kansa su yi iyo, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da shekarar 1934. A bisa duka akwai Sarkin Ruwa, mai faɗin lokacin shiga da lokacin haƙura.

Mutanen tudu sun san waɗannan kalmomi ta hanyar fatauci. Ayarin da ke zuwa Gwanja neman goro ba shi da makawa sai ya tsallake Kwara, a wurare irin su Yawuri. A nan madugu zai zauna da masu jirage a yi cinikin fito, wato kuɗin tsallakar da mutane da kaya da jakuna. Kalmar ba ta mutu ba: a garuruwan kan iyaka har yau ana cewa fiton shinkafa, ko da yake babu kogin da aka haye.

Babban sauyi ya zo da Turawa. A 1907 aka soma shimfiɗa dogo daga Baro, a gaɓar Kwara, kuma jiragen ruwa ne suka hauro da ƙarafunan daga teku. Dogon ya isa Kano a 1911. Da Bahaushe ya ga abin da ke ɗaukar jama'a da kaya masu yawa a tafiya guda, bai nemi sabon suna ba, sai ya ce jirgin ƙasa. A 1925 jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar, aka ce jirgin sama. A ƙarshen shekarun 1920 reshen dogo ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Audugar da aka gurza a Funtuwa ta riƙa bin wannan jirgi zuwa bakin teku. Wanda bai taɓa shiga kwale-kwale ba ya wayi gari yana jin kukan jirgi daga gonarsa. Tun daga nan na asali ya koma sai an yi masa ƙarin bayani.

Haka tuƙi ya yi. Mai tuƙa tuwo da muciya da mai tuƙa jirgi da filafili motsi ɗaya suke yi, shi ya sa kalma ɗaya ta ishe su. Yau matuƙi na riƙe da sitiyari a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ba ya dama komai, amma sunan ya bi shi. Komi kuma ya zauna a gona: shi ne abin zuba wa dabbobi dusa, shi ne ɗan fangalin da mai lambu ke cikawa da ruwa. Ko a zancen yau da kullum akan ce jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da bai hau tudu tare da kalmomin ba shi ne ilmin da ke bayansu. Madatsun ruwa irin na Mairuwa da Malumfashi sun kawo ruwa mai zurfi cikin ƙasar manoma, inda babu tsohuwar al'adar fito. Kano ta ga abin da hakan kan jawo: a ƙarshen Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, mutum sama da ashirin suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya, aka kuma ɗora laifin a kan yawan lodi. Ita kanta kalmar lodi daga tashar mota ta zo, inda ake ganin kullum akwai wurin ƙarin mutum ɗaya. A gaɓar Yawuri ta dā, mai jirgi ne ke duba yadda ruwa ya kusa bakin katako, ya ce sauran su jira sahu na biyu, kuma ko madugu ba ya ja da shi.