Yadda Jan Biro Ya Koma Hannun Ɗalibi

A 1874 Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara yi wa masu neman shiga jarrabawar rubutun insha'i, sai aka ga da yawansu, 'ya'yan manyan makarantu, ba su iya tsara magana a takarda ba. Zuwa 1885 darasin rubutu ya zama dole ga 'yan shekarar farko, sauran jami'o'i kuma suka bi sahu. Tsarin bai wuce haka ba: ɗalibi ya rubuta, malami ya bi da jan tawada yana farautar kurakuran nahawu. Takarda ta dawo jina-jina, mai ita ya leƙa maki ya ninke.

An fi shekara saba'in a haka kafin tsohon ilimin Aristotle ya farfaɗo. A 1965 Edward Corbett ya fitar da littafin da ya mayar da shi aji: mai magana yana shawo kan mutane ne da mutuncinsa, ko da hujja, ko da taɓa zuciya. Ɗalibai suka koma feɗe jawabai da wasiƙu, suna bin diddigin dabarar da mai magana ya bi har aka yarda da shi. Mu nan wannan ba baƙo ba ne. Duk wanda ya karanta Uƙudul Juman na Suyuɗi a zaure ya san balaga ita ce magana ta dace da halin da ake ciki.

Sai dai wa zai karanta tulin takardun? A 1970 Jami'ar Birnin New York ta buɗe ƙofa ga duk ɗan birnin da ya gama sakandare, azuzuwa suka cika maƙil. Kenneth Bruffee na Kwalejin Brooklyn ya lura cewa ɗaliban da ke gudun taimakon malami suna sauraron 'yan'uwansu. Ya sa suna musayar takardu, amma da sharaɗi: kafin ka ce rubutun abokinka ya yi ko bai yi ba, sai ka bi shi sakin layi bayan sakin layi, ka rubuta abin da kowanne ya faɗa da aikin da ya yi. A ganinmu nan hikimar take, domin abin da ake nema ɗalibi ya yi wa jawabin shugaban ƙasa, shi ne yake yi wa takardar wanda ke zaune kusa da shi. A 1973 Peter Elbow ya ƙara gaba, ya ce mutum bakwai zuwa goma sha biyu za su iya haɗuwa duk mako babu malami, kowa ya faɗi abin da ya ji a ransa yayin karatu.

Hanyar tana da ciwonta, kuma mun san shi: kara. Ɗalibi zai rubuta wa abokinsa "ya yi kyau" don kada a ɓata. Shi ya sa malamai da yawa a yau suke raba takardar tambayoyi, wasu ma har suna cire sunan marubucin kafin musayar.