Tarihin Tsutsar Da Ta Fara Gini

Ya kai mai karatu, idan ana maganar tarihi, hankalinmu kan tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwar birni. To yau ni wata 'yar tsutsar teku zan ba ka labarinta, wadda ta yi zamani ta ƙare tun babu ko ciyawa a doron ƙasa.

A shekarar 1972 wani masanin duwatsu mai suna Gerard Germs ya bayyana wasu 'yan bututu da ya tsinto a cikin duwatsun kudancin Namibiya. Wurin yanzu fako ne, amma a da can ƙarƙashin ruwan teku yake. Ya raɗa musu suna Cloudina, don girmama wani malamin Amurka, Preston Cloud. Shekarunsu sun kai wajen miliyan 550. Kaurin bututun bai kai na fensir ba, kuma ƙirarsa kamar an jera mazurari cikin mazurari ne. Mai gidan na ciki, in ta ƙara girma sai ta ɗora wani mazurarin a sama. Daga baya an same su a Brazil da Oman da Sifen da Sin.

Me ya sa wannan abu ya isa a rubuta? Ai kafin zamaninta kusan duk halittun teku tsokar jiki ce zalla, ba ƙashi, ba ƙwarya. In sun mutu sai su narke, da ƙyar a ga shatinsu a dutse. Cloudina na cikin na farkon da suka yi wa kansu gida mai tauri. A 2014 ma an nuna cewa a Namibiya sukan manne da juna su yi tudu guda, kamar dai unguwa.

To gini don me? Amsar ta fara fitowa a 1992, lokacin da Stefan Bengtson da Yue Zhao suka duba waɗanda aka haƙo a lardin Shaanxi na ƙasar Sin. Sai ga wasu bututun da 'yar huda zagayayya a jikinsu, wadda wani abu ya yi daga waje don ya kai ga naman ciki. Wannan na daga cikin tsofaffin shaidun farauta da aka sani a duniya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga. Kai, wannan maƙiyin bai tsaya jiran tsaga ba, da kansa ya huda.

Mai gidan fa? An daɗe ana gardama a kanta, wasu na cewa dangin murjani ce. Sai a 2020 aka ga alamar hanji, doguwa miƙaƙƙiya, a cikin bututun 'yan'uwanta da aka samo a jihar Nevada ta Amurka. Nan masu cewa tsutsa ce suka ƙara samun hujja.

Wajen shekaru miliyan 539 da suka wuce Cloudina ta ɓace, wasu halittu masu ƙwarya da ƙaya suka cika teku. Wanda ya huda gidan bai bar komai ba sai hudarsa. Ita kuwa tsutsar, gininta ne ya tsaya mata shaida.

Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne, tarihi ba ya ajiye ƙarfin mutum ko ƙoshinsa, aikin hannunsa yake ajiyewa. Mai gini da mai ɓarna duk sun tafi, amma dutse ya riƙe wa kowa abin da ya yi. Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka kwanta yau ka tambayi kanka: in an tona bayanka, gini za a tarar ko huda?