Hoton MRI na ƙwaƙwalwa: abin da yake nunawa game da farfaɗiya

MRI, wanda a Nijar, Kamaru da Chadi aka fi sani da sunansa na Faransanci, IRM, na'ura ce mai ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu. Ba ta amfani da hasken eksire kamar sikana, kuma ta fi sikana fito da ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa.

Ba ita ke tabbatar da cewa mutum yana da farfaɗiya ba. Likita yana gane haka daga bayanin wanda ya ga faɗuwar, da gwajin EEG mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Aikin MRI shi ne neman sanadi: ƙari, tabon haɗarin babur ko na shanyewar jiki, ƙullin jijiyoyin jini, ko ƙanƙancewar hifokamfus, sashen da ke taimakawa wajen tuna abubuwa.

Akwai kuma ƙwayayen tsutsar alade, waɗanda ke yin ƙulli a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su ne sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya a yankunan da cutar ta yi katutu. Mutane da yawa sukan ɗauka wanda ba ya cin alade ya tsira, alhali ba ta nama cutar ke shiga ƙwaƙwalwa ba. Ta ruwa ko ganyen da bayan gidan mai ɗauke da tsutsar ya gurɓata take shiga. Don haka Bahaushen da ke zaune a garin da ake kiwon alade shi ma yana iya kamuwa, kuma tana da magani.

Gwajin yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, ana kwance ba motsi cikin ƙara mai yawa. Mai ƙarfe a jiki, ko na'urar daidaita bugun zuciya, wajibi ne ya faɗa tun kafin a shiga.

Sau da yawa hoton yakan fito lafiya lau, domin a kusan rabin masu farfaɗiya ba a gano sanadi. Nan ne dangi kan ce iskokai ne, a ajiye magani, wanda kuskure ne mai haɗari. Har kashi 70 cikin 100 na masu cutar suna iya daina faɗuwa idan suna shan magani yadda likita ya tsara. Yaron da ya yi gajeriyar jijjiga saboda zazzaɓi kuwa, galibi ba ya buƙatar MRI. Gwajin maleriya da sanƙarau ya fi gaggawa.