Tarihin Fedar Kuloci: Me Ya Sa Wasanta Ke Canzawa Dare Ɗaya?

Idan ka taka kulocin tsohuwar babbar mota, akwai ɗan tazarar da feda ke tafiya sakayau kafin ƙafarka ta ji nauyi. Wannan shi ne wasan feda, galibi wajen inci 1 ne. Kafin ka gano abin da ya canza shi, sai ka san zamanin da aka ƙera motarka.

Motocin farko da fata ake shimfiɗe fuskar kulocinsu. A shekarun 1920 faranti guda busasshe ya yaɗu, shi muke amfani da shi har yau. Farantin nan a hankali yake cinyewa, wasan feda na raguwa kaɗan-kaɗan cikin watanni. To ka ga idan wasan ya canza tsakanin jiya da yau, da wuya a ce farantin ne. Wani abu ne ya karye ko ya goce tsakanin ƙafarka da kuloci.

Tsari mafi tsufa shi ne na rodi. A motoci da yawa, sandar da ke juya rodin gefe ɗaya a jikin inji take, ɗayan a jikin shasi. Robar da inji ke zaune a kai na yagewa, inji ya gusa, wasan ya canza nan take. Duba ta, ka duba fil ɗin da ya zame da ƙarfen da ya tsage.

Akwai kuma na kebul, wanda asalinsa na birkin keke ne a Ingila tun shekarun 1890. Silin wayarsa ɗai-ɗai suke tsinkewa. Wasa ya ƙaru kwatsam? Kebul ɗin na dab da yankewa.

Na mai ya samo asali daga birkin da Malcolm Loughead ya yi wa rajista a Amurka a 1917, daga baya aka kawo dabarar kan kuloci. Nan ka fara da duba mai, sannan yoyo a masta ta sama da ta ƙasa, ko iska a cikin bututu.

Kada ka ɗaure noti ka ce an gama. Wasa ya yi yawa, giya za ta riƙa ƙara tana ƙin shiga. Ya ɓace gaba ɗaya, boris zai ƙone, kuloci ya fara sulɓi, wataƙila kana tsakiyar hawa da kaya. Nemo abin da ya gusa tukuna, sannan ka saita.